Sirrin Ɗanka Amana Ce a Wuyanka

Assalamu alaikum, 'yan uwana iyaye maza da mata.

Da Annabi Yusuf (AS) ya ba mahaifinsa labarin mafarkinsa na taurari 11 da rana da wata, abin da Annabi Yaƙub (AS) ya fara ce masa shi ne kada ya faɗa wa 'yan uwansa. Ku duba Suratu Yusuf, aya ta 5. Mafarkin nan fa alheri ne, babu abin kunya a cikinsa, amma uba ya ga rufe shi ya fi wa ɗansa. Mu kuwa yau jariri bai gama buɗe ido ba, hotonsa ya zagaye Facebook da WhatsApp, har da cikakken suna da ranar haihuwa. Alhali Manzon Allah (SAW) ya ce kambun baka gaskiya ne, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma shi da kansa yana nema wa Hasan da Husaini tsari daga gare shi.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na tonon asiri. Yaro ya yi fitsarin kwance, ko ya faɗi jarrabawa, ko ana yi masa faɗa yana sharɓar kuka, sai a ɗaga waya a ɗauke shi, a ɗora a TikTok don mutane su yi dariya. Shi bai san abin da ake ciki ba, balle a nemi yardarsa. Wata rana zai girma, ya shiga cikin sa'o'insa, ya je neman aure, bidiyon yana nan. Ko ka goge, wani ya riga ya sauke a wayarsa. Hadisin Muslim ya ce wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Wane musulmi ne ya fi cancantar suturarka fiye da ɗan da ka haifa? Wallahi yaro ma yana da mutunci, yana jin kunya, bakin faɗa ne kawai ba shi da shi.

Ga kuma hatsarin da ba ma gani. Hoto cikin kayan makaranta yana gaya wa baƙon da ba ka sani ba inda yaronka yake wuni. Hoton wanka kuwa, akwai masu mugun nufi da ke tattara irinsa. Abin ya kai Faransa ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare haƙƙin 'ya'yansu a kan hotunansu. Mu tuni an faɗa mana cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo.

Don Allah mu koma shafukanmu mu duba tsofaffin hotuna, mu cire wanda yaron ba zai so a gani ba. Wanda ya yi wayo a tambaye shi kafin a ɗora, idan ya ce a'a a bari. A kuma roƙi kakanni da gwaggo da kawu cikin ladabi, cewa hoton da aka tura musu su gani ne kawai, ba na yaɗawa ba. Allah Ya shirya mana zuri'a.