Idon apranti ya fi gilashin sudur araha ne?

Ku bi layin masu sudur a Zango ko Sabon Gari da hantsi, ku dubi yaran da ke aiki. Silifas a ƙafa, tartsatsi na zuba a kan yatsu. Wani na riƙe da ƙarfe da hannu tsirara, patron na ɗinkewa, shi yaron sai dai ya kau da kai ya runtse ido. Garkuwar fuska ɗaya ce tak a atelye, ita ma ta maigida ce. Haka ake ƙera ƙofofi da tagogin da muke yaba kyansu a gidajenmu na Damagaram, kuma duk mun saba, har ba ma gani.

Hasken sudur ba ya nuna illarsa nan take. Sai an tashi aiki, dare ya raba, ido ya kama zafi kamar an watsa masa rairayi, hawaye ba tsayawa. Yaro ya kwana yana kuka, da safe a ce masa "haka kowa ya koya". Wace irin koyarwa ce wannan? Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, a ɗauka masassarar cizon sauro ce, a yi ta shan magani a banza.

Ɗan yayata yana koyon aiki a wani atelye. An cire murfin injin yankan ƙarfe wai yana rage sauri, faifan ya fashe, ɓarin ya tsaga masa kunci, kaɗan ya rage ya tafi da ido. Da muka je, abin da mai wurin ya ce mana shi ne: "Sai haƙuri, Malam, ƙaddara ce." Kuɗin likita mu muka biya. Na yi imani da ƙaddara, amma wanda ya kwance murfin nan da hannunsa bai isa ya laɓe a bayanta ba. Wallahi maganar nan ta fi raunin yi mini ciwo.

Kuma ba sudur kaɗai ba ne. Masu zubin tukwanen alminiyom suna aiki gefen narkakken ƙarfe a zafin Afrilu da ya haura digiri 40, ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki ya fantsama a jikin mutum. Mai injin niƙa yana wuni cikin ƙara da ƙurar gari, bel a buɗe yana jiran bakin riga. Ƙarar da ta wuce desibel 85, wato a ma'aunin ƙarfin ƙara, tsawon awa 8 kullum tana cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A majema hannu na wuni cikin ruwan toka da bagaruwa ba safa.

Doka kuwa akwai ta. Kundin dokar aiki na Nijar na 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, kuma CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, ce ke biyan diyyar hatsarin aiki ga wanda aka yi wa rajista. To yaron da ba shi da takarda, ba albashi, sai kuɗin abincin rana, wa ya san da shi? Kowace ranar 28 ga Afrilu duniya na tunawa da lafiyar ma'aikata, ana jawabi a ɗaki mai sanyi, yaran atelye kuwa ko labari ba su ji ba.

Patron, don girman Allah, ribar ƙofa ɗaya ta isa ta sayi gilashi da safar hannu ga duk yaranka. Mayar da murfin injin, ka ɗaure wayoyin kuran da ke yawo tsirara a ƙasa, ka ajiye bokitin rairayi da akwatin magani. Mu iyaye kuma mu daina miƙa yaro da "ga amana nan" mu juya. Mu shiga ciki, mu ce a nuna mana garkuwar da zai sa, in babu mu kama hannunsa mu kai shi wani wuri.