Masu cewa Najeriya ta ƙera nata bam ɗin nukiliya

Jiya da dare a majalisarmu nan Birnin Kebbi gardama ta kaure, wani abokinmu ya kafe wai tunda aka kai ma Iran hari duniya ta zuba ido, duk ƙasar da ba ta da nukiliya raina ta ake, don haka mu ma mu nemi namu kawai. Kowa na wallahi gaskiya ne. Ni ban ce komi ba don daga asibiti nike, ɗiyar ƙanwata ce maleriya ta kayar, ba wuta, nas ɗin ta riƙe waya a baki tana haska hannun yarinyar tana neman jijiya, ruwan da za a ƙara mata ma sai da na tsallaka titi na sayo a kemis, har da auduga. Ban ga laifin nas ɗin ba ko kaɗan, ita kaɗai ce kan gado kusan goma.

To yanzu da na huce bari in yi magana. Pakistan da kuke ta kawo misali da ita, tsohon Firaministanta Zulfikar Ali Bhutto ya ce ko ciyawa za su ci sai sun yi bam, kuma sun yi, sunka gwada shi a 1998. Amma yau ƙasashe biyu ne kacal sunka rage da asalin cutar shan inna a duniya, ita da Afganistan. Mu da ba mu da ko ƙyallin bam an ayyana mun rabu da ita tun 2020, kuma matan nan masu yawo gida-gida da kula a rataye cikin rana su sunka yi aikin.

Ƙasashe 9 ke da makaman nan, a 2024 kaɗai sun kashe sama da dala biliyan 100 a kansu, fiye da rabi na Amurka ne, ita Amurkar da ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa ma ƙasashen waje, ta ce ta fita daga WHO, Hukumar Lafiya ta Duniya, wai kuɗinta na zurarewa. Kasafin WHO na shekara biyu cur bai kai biliyan 7 ba. Ku lissafa da kanku. Sauro kuma na kashe mutum wajen dubu 600 duk shekara, Najeriya ce kan gaba, a Najeriyar ma Kebbi, shi ya sa da rigakafin maleriya ya zo a Disamban 2024 da mu da Bayelsa aka fara.

Kuma kada wani ya ce tsoro ne ko rashin kishi. Lokacin da Faransa ta rinƙa gwada bam ɗinta a hamadar Aljeriya, gwamnatin Tafawa Ɓalewa korar jakadanta ta yi a 1961. Afirka ta Kudu ta ƙera guda 6 ta kwance abinta.

Amma fa ban yaudari kaina ba, ko gobe Rasha da Amurka sunka zubar da nasu, sisi ba zai iso asibitin unguwarmu ba. A Abuja ɗin nan tamu aka yi alƙawari a 2001 cewa kashi 15 na kasafi zai tafi ga lafiya, har yau muna ta dabur-dabur wajen kashi 5. Waɗanda sunka kasa kai sola ɗakin yara su za a damƙa ma yuraniyom, sinadarin haɗa bam ɗin?

Yarinyar dai da sauƙi, ta sha kunu da safe. Abokina kuma yau da yamma ina nan tafe, ya tanadi bakinshi.