Ra'ayina kan kwana a ƙananan otal masu tsada na tsohon garin Zanzibar

Da zarar an ta da zancen kwana a ƙaramin otal mai tsada a birnin bakin teku, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne tsantsa, gado dai gado ne, in barci ya ɗauke ka ba ka san ko nawa ka biya ba. Wasu kuma su ce mutum da guminsa, ba ruwan kowa da yadda ya kashe shi. Ni a ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Na sauka a irin wannan otal a tsohon garin tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, wanda duniya ta sani da Stone Town, kuma ra'ayina shi ne kuɗin sun cancanci a biya su, amma da sharaɗi: sai in ginin da kake kwana a ciki da mutanen da ke kewaye da shi suna cin moriyarsu. In ba haka ba, to masu cewa ɓarna ce sun fi gaskiya.

Otal ɗin da nake magana a kai su ne waɗanda ake kira butik. Ɗakunansu kaɗan ne, wani goma sha, wani ashirin da 'yan kai, kowane ɗaki da fasalinsa, kuma sau da yawa mai wurin yana kusa. Ana danganta farkon salon da Blakes, wanda Anouska Hempel ta buɗe a Landan a 1978, da Morgans, wanda Ian Schrager da Steve Rubell suka buɗe a New York a 1984. Mutane ne suka gaji da manyan otal da ɗakinsu na wannan ƙasa bai bambanta da na waccan ba. Daga baya salon ya sami gindin zama a tsofaffin biranen tashar jiragen ruwa irin su Essaouira a Maroko, Lamu a Kenya, Cartagena a Kolombiya, da Zanzibar. Dalili kuwa a fili yake. A nan ne ake da manyan gidajen attajiran da, masu tsakar gida da benaye, waɗanda sun fi ƙarfin iyali ɗaya ya riƙe amma ba su kai a zuba musu ɗaki ɗari biyu ba.

Abin da yawancin masu sukar tsada ba su lissafa shi ne teku cin gini yake yi. Iskar bakin teku ɗauke take da gishiri da laima dare da rana. Ƙarfe ya yi tsatsa, fenti ya kumbura ya ɓare, makulli ya cije, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun lokacinta bai yi ba. Gidajen Stone Town kuma suna da nasu lalurar ta daban. Da dutsen murjani aka gina su, aka haɗa da kwaɓin farar ƙasa, aka yi azara da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, sandunan da suke kira boriti. Bangon irin wannan numfashi yake yi: yana shan danshi yana fitar da shi. In aka zo da ganganci aka yaɓe shi da siminti don a huta da gyara, sai danshin ya maƙale a ciki, gishiri ya taru, dutsen ya riƙa rududdugewa, bakin azarar da ke cikin bango ya ruɓe ba wanda ya gani. Wata rana da damina sai rufin ya zauna. Gyaran gaskiya sai da farar ƙasa, sai da maginin da ya san kanta, kuma ba aikin yi sau ɗaya a huta ba ne. Kowace shekara akwai bangon da ke jiran hannu.

Wa zai biya wannan? Tambayar ke nan da ta sa na daina kallon kuɗin ɗakin a matsayin kuɗin katifa.

A tuna tarihin gidajen. Garin ya bunƙasa ne bayan Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman zuwa Zanzibar wajen 1840, aka tara dukiya da kanumfari da hauren giwa, da kuma cinikin bayi, wanda sai a 1873 aka rufe kasuwarsa. Bayan juyin juya halin Janairun 1964 da yawa daga masu gidajen suka bar tsibirin, gwamnati ta karɓe gidaje masu yawa, aka raba wa iyalai ɗaki-ɗaki. Mutanen da ke neman na abinci ba su da halin sauya azara, kuma gidan da ba naka ba ba ka cika zuba masa abin da ka tara ba. Shekara da shekaru gidaje suka yi ta tsagewa, wasu suka rushe. A shekarar 2000 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma suna a takarda ba ya riƙe bango. Beit al-Ajaib, ginin da ya fi kowanne shahara a gaɓar, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta ranar 25 ga Disamba 2020 ana tsakiyar gyaransa, har aka rasa rayukan ma'aikata. In wannan ya sami ginin da idon duniya ke kansa, sai a ƙiyasta halin gidan da ke can cikin lungu. Gidauniyar Aga Khan ta gyara tsohon asibitin shan magani na bakin tashar da lambun Forodhani, kuma ta yi abin a yaba, sai dai gine-ginen garin sun haura 1,500, ba gidauniyar da za ta ɗauke su duka. Yawancin gidajen da na gani a tsaye cikin ƙoshin lafiya, ko dai masu hali ne ke zaune ciki, ko kuma baƙi ne ke biyan kuɗin kwana.

Shi kansa kwanan, ba zan ɓoye ba, yana da daɗin da babban otal ba ya iya sayarwa. Ɗakunan dogaye ne marasa faɗi, domin tsawon boriti ne ke yanke faɗin ɗaki, amma rufin can sama yake, iska na zagayawa. Gadon katako ne mai tsayi da gidan sauro. Ƙofar gidan ita kanta abin tsayawa a duba ce, sassaƙaƙƙiya mai kaurin gaske da ƙusoshin tagulla. Mota ba ta shiga yawancin lungunan, don haka da ƙafa za ka ƙarasa, wani ya taya ka da kaya. Benen ma da ƙafa za ka hau, matakalan kuma tsaye suke, wanda ke fama da gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa tun kafin ya iso. Garin na fuskantar yamma, saboda haka daga saman bene kana ganin rana tana faɗawa cikin ruwa, jiragen katako masu tafiya da iska suna komowa. Da asuba kiran salla daga masallatai da dama yake shigowa ta taga, bayansa ƙarar tsintsiya da muryoyin yara masu tafiya makaranta. Na ji wasu baƙi suna ƙorafin hayaniya. Ni kuwa abin da na biya kuɗi don in ji ke nan. Wanda ke son shiru ɗungurungum, akwai manyan wuraren shaƙatawa masu katanga a Nungwi da gabashin tsibirin, ya nufi can, ba laifi ba ne. Amma kar ya shigo tsakiyar gari mai rai ya ce mutanensa su rage murya.

Sai ma'aikata. A gida mai ɗaki goma sha, wanda ya karɓe ka a ƙofa shi ne zai tuna ba ka shan sukari, shi ne zai gaya maka lokacin da ruwa zai janye da lokacin da zai dawo, shi ne zai ce kada ka bi ta wancan lungun yau ana zaman makoki. Ana yawan yaba wannan kulawa kamar daga sama take faɗowa. Aiki ne, kuma mai gajiyarwa. Mutum ne ya baro gidansa tun duhun asuba, ya hau benaye huɗu da tire sau ba adadi, ya yi maka fara'a ko da ɗansa na kwance ba lafiya. A nan sharaɗina na farko yake. Otal ɗin da zai karɓi ɗaruruwan daloli a dare ɗaya, sannan ya riƙe ma'aikatansa ba takardar aiki, ya sallame su da zarar ruwan masika, wato na babbar daminarsu, ya sauka a watan Afrilu baƙi suka ja baya, wannan bai cancanci kuɗin kowa ba, komai kyan labulensa. Ba sai ka yi bincike mai zurfi ba. Ka tambayi mai kawo maka shayi tun yaushe yake aiki a nan. In duk wanda ka tambaya sabo ne, ka sami amsa. Ka kuma duba su wa ke riƙe da manyan muƙamai, ko akwai ɗan tsibirin a ciki, ko kuwa shara da wanki kaɗai aka bar musu.

Sharaɗi na biyu shi ne ruwa, kuma shi ya fi damuna. Tsibiri ne, ruwan daɗin da ke ƙarƙashinsa iyakantacce ne, kuma yana zaune ne a kan ruwan gishiri. In aka yi ta zuƙa da rijiyar burtsatse fiye da abin da ruwan sama ke mayarwa, sai na gishirin ya matso, rijiyar ta lalace, kuma da wuya ta dawo. Otal zai iya sayen ruwa a tanka. Maƙwabciyarsa da famfonta ya ƙafe ba za ta iya ba. Baƙo yana tsaye yana sheƙa wanka ba ya ganin layin jarkoki a bayan katanga, kuma wannan ya kamata ya dami duk mai imani. Kada a ɗauka abin nesa ne. Cape Town na Afirka ta Kudu, birnin da ya fi Zanzibar ƙarfi nesa ba kusa ba, a farkon 2018 sai da aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, otal-otal suka cire marfin bahon wanka suka roƙi baƙi su taƙaita. Zanzibar ita ma ta ɗanɗana. Daga Disamban 2009 zuwa Maris ɗin 2010 tsibirin ya zauna kusan wata uku ba lantarki bayan layin da ke kawo wuta ta ƙarƙashin teku ya sami matsala, injinan tura ruwa suka tsaya, masu janareta ne kawai suka sha da sauƙi. Saboda haka in na ga ƙaramin otal a tsohon gida ya kafa wurin ninƙaya a saman bene, ba ya burge ni. Nauyi ne a kan bangon da ba don haka aka gina shi ba, ruwa ne kuma da wani ke buƙata. Otal ɗin da ke tara ruwan sama, ba ya canza tawul sai ka nema, ya bar tagogi su yi aikin da aka yi su dominsa, shi nake girmamawa.

Akwai kuma abin da masu yabon irin waɗannan otal ba sa son a taɓo. Duk gidan da ya zama otal, a da akwai mutanen da ke zaune a cikinsa. Kuɗin haya na tashi, iyalai na komawa bayan gari, shagon mai gyaran keke ya koma na sayar da tsaraba. In aka ci gaba ba linzami, wata rana za a wayi gari da gidaje masu sheƙi da dakalan ƙofar gida, baraza, ba mai zama a kansu. Babban jari ma ba ya tabbatar da mutunta tarihi: lokacin da aka mayar da tsohon ginin Mambo Msiige da ke bakin ruwa otal, aka ƙara masa sabon gini, UNESCO ta yi ta nuna damuwa cewa an ƙetare abin da aka amince. Ban yarda maganin shi ne a hana otal ba, domin na ga yadda gidan da ba mai kula da shi yake ƙarewa. Abin da nake so hukumar kula da tsohon garin ta yi shi ne ta ƙayyade yawansu a kowace unguwa, kuma wani kaso na harajin da ake karɓa a kan kowane kwana ya tafi kai tsaye ga gyaran gidajen da talakawa ke zaune ciki. Mai gida a lungu ɗaya da otal ya kamata shi ma ya ga azararsa ta sabunta.

Mu baƙi ma da namu. Kusan duk mutanen garin Musulmi ne, kuma suturar bakin ruwa ba ta shiga kasuwa ba ce. Ba a ɗaukar hoton mace ko yaro ba izini. In azumi ne, a ci abinci a ciki. Kuɗin ɗaki ba su saya maka unguwar ba.

Ga mai niyyar zuwa, in ka ga wurin a intanet, ka tuntuɓi otal ɗin kai tsaye, domin manyan shafukan kama ɗaki kan yanki kamasho da ya kai wajen kashi 15 cikin 100, kuma gara wannan ya tsaya a hannun masu wurin. Ka tambayi hawa na nawa ɗakin yake, ko tagarsa lungu take kallo ko tsakar gida, domin ba kowane ɗaki ne ke ganin teku ba ko da hoton farko ya nuna shi. Ka sa a lissafinka cewa tun Oktoban 2024 baƙi daga ƙasashen waje suna biyan inshorar dole ta dala 44 kafin shiga tsibirin. Ka riƙe 'yan shilin Tanzaniya na tukwici, ka miƙa wa wanda ya yi maka hidima hannu da hannu, har da masu wanki da masu girki da ba ka cika ganinsu ba. Kafin ka biya kuma, ka aika musu tambaya biyu a rubuce: daga ina ruwanku yake zuwa, kuma da me kuka yaɓe bangonku? Wanda ke riƙe da gidan da amana zai amsa maka dalla-dalla har da murna. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ka nemi wani.