Hatsin gado na tsaunukan Indiya: yabo kaɗai ba zai riƙe iri ba

A gundumar Dindori ta jihar Madhya Pradesh, tsakiyar Indiya, wata mata 'yar ƙabilar Baiga mai suna Lahari Bai ta mai da ɗaki guda na gidanta rumbun iri. Ta yi shekaru tana bin ƙauyuka tana tattara hatsin da kakanninta suka shuka, har ta haɗa nau'i kusan 150. Takan ba manoma aro su shuka, in kaka ta yi su mayar mata da ɗan ƙari. A 2023, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa gero da danginsa bisa shawarar Indiya, Firaminista Narendra Modi ya yaba mata. Yabon ya dace. Abin da ke damuna shi ne yadda dukiyar al'umma guda ta ƙare a ɗakin mace ɗaya.

Ba fari ne ya kori wannan hatsi daga gonaki ba, manufar gwamnati ce. Tun shekarun 1960 Indiya ta zuba kuɗin bincike da taki da ban-ruwa a kan alkama da shinkafa, su take saye, su take rabawa a shagunan abinci mai rahusa. An rage yunwa ƙwarai, wannan babu musu. Sai dai yaron da ya tashi kan shinkafar rabo ya fara kallon tamba a matsayin abincin talaka. Ko a takardun hukuma "hatsi mai kaushi" ake kiran su, sai a 2018 aka sauya sunan zuwa na hatsi mai gina jiki.

Wanda bai taɓa noman damina ba zai iya tambaya, ina amfanin nau'i da yawa haka? Amsar tana kan gangaren Niyamgiri a jihar Odisha, inda 'yan ƙabilar Dongria Kondh ke noma ba rijiya ba famfo. A gona ɗaya suke zuba tamba, wadda suke kira mandiya, da ƙananan hatsi da wake iri-iri. Wani yana nuna da wuri ya tare yunwar tsakiyar damina. Wani yana jure tsakuwa da ƙarancin ruwa, wani kuma ya daɗe a rumbu bai lalace ba. In ruwa ya makara ko ya ɗauke, ba duka ne za su mutu tare ba. Manomin da ke shuka gero da maiwa da wake a fili guda ya san wannan lissafi ba sai an zana masa ba. Dangantakar ma ta wuce kamanceceniya, domin geron da Indiyawa ke kira bajra daga Sahel ɗin Afirka ta Yamma ya samo asali, tamba kuma daga tsaunukan gabashin Afirka.

Odisha ta yi abin kirki da ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da waɗannan hatsi a 2017, ta fara da yankunan ƙabilu, ta kuma riƙa sayen tamba daga manoma tana sa ta cikin rabon abinci. Amma a nan ne nake ganin haɗari. Farashin saye da gwamnatin tarayya ke sanarwa duk shekara a cikin dangin gero ya shafi dawa da gero da tamba ne, babu ƙananan hatsi irin su kodo da kutki da 'yan Baiga suka dogara da su. Manomi kuwa inda kuɗi yake nan yake bi, kuma babu mai ganin laifinsa. In tamba ce kaɗai ke da mai saye, gonar da ke ɗauke da amfani goma za ta koma ta tamba zalla, ita ma nau'i ɗaya ko biyu da cibiyar bincike ta fitar. Sai a wayi gari ana bikin dawowar hatsi a birane, irin gado kuma na ci gaba da ɓacewa a kan dutse.

Shi ya sa matakin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda jihar Odisha ta ɗauka a 2023, lokacin da ta amince a hukumance da nau'in tamba huɗu na gargajiya, ciki har da Kundra Bati da Laxmipur Kalia, bayan an gwada su a gonakin manoma. Irin da ba shi da rajista ba ya shiga hanyar sayarwa da tallafi ta gwamnati, komai kyansa. Huɗu kaɗan ne ƙwarai, amma ƙofa ta buɗe.

Akwai masu cewa irin zamani ya fi yawan yabanya, don me za a ɗaure talaka da tsohon iri? A fili mai laushi da taki, sau da yawa gaskiya suke faɗa. A gangaren da ba taki ba ban-ruwa kuwa, manomi ba ya lissafin shekarar albarka kaɗai, yana lissafin shekarar da ruwa ya ci amana. Ba ina cewa a hana shi irin zamani ba ne. A bar masa zaɓi, zaɓi kuwa ba ya yiwuwa in ɗayan ya riga ya ƙare. Ajiyar iri a ɗakin sanyi, kamar yadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ke yi kusa da birnin Hyderabad, tana da amfani, sai dai ƙwayar da ke cikin kwalba ba ta tafiya da sanin lokacin shuka da yadda ake dafa ta.

Sai wahalar surfe. Kodo da kutki ƙwayarsu ƙanana ce, ɓawonsu da tauri, mata ne ke shan wuyar turmi, kamar yadda matan Filato suka sani game da acca. Ƙaramin injin surfe a ƙauye zai ceci nau'in da jawabi ɗari ba zai ceta ba.

Ƙasar kanta ita ce tushe. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta miƙa wa majalisun ƙauyuka hukuncin ko a haƙi ma'adinin bauxite, wanda ake yin alminiyum da shi, a Niyamgiri, ƙauyuka 12 suka zauna, duka suka ce a'a. Da an fasa wannan dutse, da gonakin da ke gefensa sun tafi tare da irin da ake shukawa a cikinsu. Dokar haƙƙin daji ta 2006 ta ba irin waɗannan ƙabilu damar mallakar filayen da suke nomawa, kuma har yau akwai iyalai da dama a tsaunukan Odisha da Madhya Pradesh da ke jiran takardarsu.