Ƙafar tagulla ɗaya a ƙarƙashin madabod

Mai sayen madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ba ya zaɓe da ido, farosesan da ke hannunsa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ke zaɓar masa. Nawa Ryzen 5 5600G ne, soket ɗinsa, wato mazauninsa a kan bod, AM4, RAM ɗina kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, DDR4, guda biyu masu giga 8. Da wannan karatun na hau motar haya ta tirotiro daga Nima zuwa Circle a Accra, na kutsa layin 'yan kayan lantarki na Tip Toe Lane, bayan tsohon bod ɗina ya ce ga garinku nan a wata ɗaukewar wuta.

Mai shago ya miƙo mini madabod samfurin B650 yana cewa, "Maigida, wannan ne yayi." Yayi ne, amma soket ɗinsa AM5, kuma DDR5 kaɗai yake ci. DDR4 da DDR5 duk fil 288 gare su, sai dai tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, ko da guduma ba za ta zauna ba. Ya kawo B450 mai araha, na ce wannan idan tsohon BIOS ne a kansa, wato manhajar da ke tayar da bod, ba zai gane farosesana ba. Muka daidaita a kan B550. Na ɗauki babban, ATX mai milimita 305 da 244, alhali wanda ya mutu ƙarami ne, 244 da 244. Akwatin kwamfutar yana da fili, ni kuma ina son a gani a ce an kashe sidi.

A gida na zare wayar wuta, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke lantarkin jikina, na kwance fankar farosesa na ja sama. Na leƙa soket, wayam. Har na fara yi wa ƙanina kallon tuhuma, sai ya ce, "Yaya, juya abin da ke hannunka." Farosesa na nan manne a gindin fanka, man sanyayawa ya bushe ya riƙe shi gam. Halin AM4 ke nan: a murɗa fankar hagu da dama tukuna kafin a ɗaga. Fil ɗaya cikin 1331 ya karkace, na miƙe shi da bakin reza ina karanta duk addu'ar da na haddace.

Sauran aikin ya tafi sumul. Alwatikan zinare na farosesa ya dubi alwatikan soket, ya faɗa da kansa ba dannawa. Sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya. RAM a rami na biyu da na huɗu daga farosesa. Farantin baya na kafofin USB ya shiga akwati kafin bod, don wanda ya manta shi sai ya kwance komai. Babbar waya mai fil 24, ta farosesa mai fil 8 can saman kusurwa, sai 'yan siraran wayoyin maɓalli da ba a yi su don yatsun babban mutum ba.

Na danna maɓallin kunnawa. Fanka ta juya rabin zagaye ta tsaya.

Kafin in ce me, Alhaji maƙwabcinmu ya shigo da kujerarsa. Ya ce a hura wa RAM iska, haka jikansa ke yi. Aka hura. Ƙanina ya ce ƙaramin batirin kan bod ne, CR2032, muka cire muka mayar. Alhaji ya ce mutanen Circle sun sayar mini da gawa, ya kuma ba da labarin wata rediyo da ya saya a can tun yana saurayi. Fanka dai rabin zagayenta take yi, ba ƙari.

Abin da ya rage shi ne gwaji a waje. Na fito da bod na ɗora a kan kwalinsa, da farosesa da RAM ɗaya da wayoyin wuta biyu, na jona HDMI, na haɗa fil biyun maɓalli da bakin sukurdireba. Hoto ya fito tas. Bod lafiyarsa ƙalau ke nan, laifin yana cikin akwati.

Na ƙirga ramukan noti a jikin bod, tara. Na ƙirga ƙafafun tagulla da ke ɗaure a akwati, waɗanda bod ke zama a kansu, goma. Ɗaya ta tsohon ƙaramin bod ce, tana tsaye inda ATX ba shi da rami, kanta na gogar dalmar da ke bayan bod. Da an kunna sai wuta ta haɗu, fawa saflai ya yanke don kare kansa. Shi ya sa kafin a ɗaura noti ko ɗaya ake ɗora bod a leƙa, kowace ƙafa ta fito ta rami, wadda ba ta da rami a tuge ta da filaya.

Na tuge ta, na mayar da komai, kwamfuta ta tashi. Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce, "Ɗana, ai na faɗa maka iska ce." Ya ɗauki ƙafar tagullar ya jefa a aljihu, wai ta yi daidai da hannun tabaraunsa da ya ɓalle.