Kuɗin wutar nan ya ishe ni wallahi

Shekaranjiya fa na loda katin dubu goma a mita, yau da safe na leƙa na ga har ta fara ƙiftawa da jar wuta, alhali firij ɗaya ne a gidan sai fanka biyu, dutsen guga ma tuni maman yara ta koma na gawayi. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga mana mu 'yan Band A, wato rukunin da aka ce ya fi samun wuta, kuɗin yunit daga wajen naira 68 zuwa 225 muke cikin wannan masifa, ɗan ragin da aka yi daga baya bai taka kara ya karya ba, dubu goma ko yunit 50 ba ta kawowa. Wai awa 20 za a dinga ba mu a rana. Wace awa 20 ɗin?

Abin da ya fi ƙona min rai babu wajen gudu. Layin waya in ya ɓata maka rai ka zare sim ka sa wani, amma wuta tun 2013 aka yanka ƙasar aka raba wa kamfanoni 11, kowa da yankinsa, inda gidanka ya faɗa nan za ka biya ko kana so ko ba ka so. Janareto ga tsadar fetur, sola kuwa na je na tambayi kuɗin batir kawai na juyo gida.