Gona na tsada, gida na zama kango

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi game da ƙananan garuruwan karkara, kuma duk sanda na ɗauko zancen sai a ce na cika ƙorafi. A gari ɗaya, a shekara ɗaya, gida mai ɗaki huɗu zai yi wata da watanni a kasuwa ko tayi babu. Amma gonar da ke bayan garin, kafin mai ita ya rufe baki da cewa zai sayar, dillalai uku sun yi sallama a ƙofarsa. Masu gonaki na murna wai garinsu ya yi daraja. Ni kuwa tsoro abin yake ba ni.

Lamarin gida bai da wuyar ganewa. Gida sai da mai kwana a ciki, masu kwanan kuwa sun tafi birni neman aiki da karatu. Gidan da ba kowa cin kuɗi kawai yake yi: rufi ya yi yoyo, bango ya tsage, ciyawa ta cinye tsakar gida. A Japan, binciken gidaje na 2023 ya nuna akwai gidaje wajen miliyan 9 da babu kowa a ciki, kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar. A Italiya kuwa, garin Sambuca da ke tsibirin Sisili ya sa tsofaffin gidaje a kasuwa a 2019 kan yuro 1 a matsayin farashin farawa, da sharaɗin wanda ya saya zai gyara. Ƙasashe ne masu arziki, amma arzikin bai hana kango ba.

Gona ce ke da labari. Mai sayen gona ba dole ne ya zauna a garin ba, ba dole ne ma ya taɓa riƙe fartanya ba. Ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci da ya ga kuɗinsa na narkewa a banki saboda hauhawar farashi, sai ya nemi inda zai binne su. Ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya ɗaukarta a ka, kuma ba a ƙera sabuwa. A 2021 aka ba da rahoton cewa Bill Gates ne mutumin da ya fi kowa mallakar ƙasar noma a Amurka, sama da eka 240,000. Mutumin da ya yi kuɗinsa da kwamfuta! In har irinsa na ajiya a gona, to mai ɗan rufin asiri a birni ma hanyar zai bi, gwargwadon ƙarfinsa.

Ga inda matsalar take. Kasuwar ƙaramin gari siririya ce, wataƙila gonaki biyar ko shida ke sauya hannu a shekara. Don haka ciniki ɗaya tak ya isa ya sauya komai. Baƙo ya zo da zumuɗi, bai san wace gona ce ke riƙe ruwa ba, bai san wadda ta gaji ba, ya biya ninkin abin da aka saba. Kafin gari ya waye labari ya zaga. Daga ranar duk wanda aka taya wa gona sai ya ce albarka, ai wane ya sayar da tasa kaza. Shi dillali la'adarsa na tafiya ne da girman ciniki, to me zai sa ya ce a sassauta? Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce. Amma farashin da mutum ɗaya ya biya cikin rashin sani ya zama ma'aunin gari gaba ɗaya.

Ni lissafina ɗaya ne, kuma kowa zai iya yin sa a bayan takarda. Ka ɗauki abin da gonar ke bayarwa a shekara mai matsakaicin kyau, ka cire iri da taki da kuɗin aiki da sufuri, ka ga saura. Shekara nawa sauran zai yi kafin ya mayar da kuɗin sayen gonar? In amsar ta wuce tsawon ƙarfin mutum, to wannan farashin ya rabu da noma, ya koma caca a kan cewa gobe wani zai biya fiye da haka. Tun 1817 David Ricardo, masanin tattalin arziki na Ingila, ya yi bayanin cewa tsadar hatsi ce ke ɗaga kuɗin hayar ƙasar noma. Yau a wurare da yawa ƙasar ta yi gaba ta bar hatsin a baya.

Masu cewa ƙasa ba ta faɗuwa, su tambayi manoman jihar Iowa ta Amurka. A shekarun 1970 farashin gonaki ya yi ta hawa, mutane suka jinginar da gonar gado suka ci bashi don ƙaro wata. Sai kuɗin ruwa a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a 1980, kasuwar hatsi ta waje ta ja baya. Daga 1981 zuwa 1986 darajar gonakin jihar ta zube da fiye da rabi, bashin kuwa yana nan daram. Iyalai da dama suka rasa tsohuwar gonar da sabuwar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne matashin da ya zaɓi ya zauna ya yi noma. Uba ya rasu, magada shida, biyar na birni suna son kasonsu a hannu. Na shidan ba shi da ƙarfin biyan 'yan'uwansa a sabon farashi, sai a sayar wa baƙo. Badi ka gan shi yana biyan haya a gonar da ya koyi noma a cikinta. In gonar na bakin titi ma ba a kai ga haka, yanka ta ake yi fuloti-fuloti, a kafa duwatsu, a bar ta shekara goma ba gini ba shuka.

Na san abin da za a ce min: gonarsa ce, ya sayar wa wanda ya fi biya. Gaskiya ne, kuma dattijon da ke da majinyaci a asibiti ba zan tsaya ina karanta masa Ricardo ba. Amma akwai tsaka-tsaki. Faransa ta kafa hukumomin SAFER, masu kula da cinikin ƙasar noma, a 1960, kuma daga 1962 aka ba su ikon shiga gaban mai saye idan za a sayar da ƙasar noma, su saya su miƙa wa manomi. Lardin Saskatchewan na Kanada ya taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba eka 10, sai da izini na musamman. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da babin shufa'a, inda abokin tarayya ke da haƙƙin karɓar kason da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka biya.

Ko babu doka, magada na iya yi wa kansu wannan. A kira mutum biyu da suka san ƙasar su yi mata kuɗi bisa abin da take bayarwa, a ba ɗan'uwan da ke noman kaka uku ko huɗu ya biya a hankali, a rubuta a gaban shaidu. Wanda ke birni zai karɓi ƙasa da abin da baƙo zai bayar, ban musa ba. Amma gonar na hannun wanda zai shiga cikinta da damina, kuma gidan nan mai ɗaki huɗu ya samu mai kwana a ciki.